Ɗigo Biyu a Jikin Kyamarar Baba

Daga shago, ranar Talata

Yayana na kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya aiki, ya ruwa, ya kifaye? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da masu kwasar shara, ka san in ta fara faɗa to ta warke. Baba ma yana nan, ga shi zaune a kujerar kwastoma yana kallona, ya ce in na gama in karanta masa kafin in liƙe ambulan, kamar kullum. To ka san a gaban wa nake rubutu.

Wallahi Yaya ka cuce ni da wannan aiki naka na tsakiyar teku. Duk duniya ana tura saƙo cikin ƙiftawar ido, ni an bar ni da biro da takarda, sai jirgin kayan abincinku ya tashi sau ɗaya a sati biyu. Jiya na gama layi ɗaya na tsaya ina jira in ga alamar ka karanta. Umma ta ce Allah ya shirye ni.

To ga abin da ya kawo ni. An yi sanarwar wata sabuwar kyamara makon jiya, irin ta manyan masu hoto. Yaya, ba ka ga abu ba! Na kalli bidiyonta ya fi ashirin, datata ta ƙare sau biyu. Ba ta ƙara ko kaɗan, ba wannan ƙwas ɗin da ke firgita jarirai. In hannunka na rawa, ita ba ruwanta. In an ɗauke wuta, hasken ƙofa kawai ya ishe ta. Amma duk wannan wasa ne. Babban abin shi ne tana neman ido da kanta. Wani ɗan koren akwati ne ke fitowa, ya yi tsalle ya dira a kan ƙwayar idon mutum, ya manne. Ko mutum ya juya, ko ya yi atishawa, yana nan biye da shi kamar ƙuda. Na ga an gwada da mage ma, ta kama. Ba sai ka tsaya kana murɗa gilashin gaba da hannu kana saitawa ba, yadda ake yi da tamu tun da injin saitinta ya mutu. Ko mutum ba ya gani sosai, ita za ta gani masa.

Mai shagon kayan hoto na bakin babban titi ya ce ƙarshen wata za a kawo masa ƙwaya uku kacal. Tsada kam akwai, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa na ce ko za ka taɓa abin da kake tarawa na ginin ɗakinka. Ɗaki ba ya gudu, Yaya. Amaryar ma ai ba mu gan ta ba tukuna, kullum sai dai a ce mana tana hanya.

Baba ya ce in rubuta maka cewa shi ba ruwansa, tsohuwarsa ta ishe shi. Na rubuta. Amma ka lura bai ce in goge sauran ba.

Mai aski na maƙwabta yana gaishe ka, ya ce har yanzu bai ga ƙeya mai wuyar aski irin taka ba.

Ka karanta a tsanake don Allah, ba a tsaye ba.

Taka,
Auta

*

Daga wurin aiki, ranar Lahadi

Uwar Data,

Na samu takardarki, na ji daɗin jin ƙafar Umma. Ki ce mata ta rage hawa benen nan. Ni lafiya ƙalau, sai dai iska ta fara tashi, kwanon cin abinci ma sai ka riƙe shi da hannu ɗaya. Ki gaida Baba da kyau.

Maganar kyamara. Auta, bara fitilar zobe ce kika ce in ba a saya ba shago zai mutu. Tana ina yanzu? Umma ke rataye mayafi a kai.

Bari in yi miki bayani, tun da ni na yi shekara shida a bayan kyamarar nan kafin in taho. Aikin shagonmu fasfo ne, da hoton makaranta, da na iyali a gaban labulen nan mai zanen ruwa. Mutum zaune yake, ba gudu yake ba. Me za a yi da abin da ke bin idon mage? Na biyu, gilasan Baba ba za su shiga bakin sabuwar ba, sai an sake sababbi. Na uku, kwamfutar shago in kika zuba mata irin waɗannan manyan hotuna sai ta suma. Masu bidiyon da kike kallo kuwa, yawancinsu ba su taɓa zaunar da tsohuwa mai jin kunyar kyamara ba.

Na ga layin da kika ja wa layi biyu a ƙasa, wai ko mutum ba ya gani za ta gani masa. Na yi dariya har abokin ɗakina ya tambaya. Na gane mai maganar. Ke ce kike manna waya a hanci, tabaraun da aka rubuta miki tun kina aji uku kin ƙi sawa, wai yana ɓata miki fuska a hoto. Yanzu kina son na'ura ta rufa miki asiri ki shiga sana'ar.

To ki riƙe wannan, ba maganata ba ce, a bakin Baba na koya: kyamara ba ta ɗaukar hoto, ido ke ɗauka. Ranar da mai hoto ya kai ga sai na'ura ta gani masa, ranar ya kamata ya rataye kyamara ya ba wasu wuri.

Ɗakina yana nan yadda yake. Ki ce wa mai aski laifin rezarsa ne.

Yayanki

*

Daga bayan shago, ranar Alhamis

Yaya,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Wannan takardar Baba ba zai ji ta ba, ya tafi kai hotuna makaranta, ni na ɓuya a bayan labule ina rubutawa a kan cinyata. In ka ga rubutun ya karkace, shi ne.

Ka kashe ni, Yaya. Ka kashe mu.

Hannunka mai sanda na yi maka, ka ɗauka kaina nake nufi. Baba nake nufi! Idon Baba! Ba zan iya rubutawa ɓaro-ɓaro ba ranar, domin in na tsallake layi wajen karantawa yana ganewa daga numfashina. Shi ya sa na ja layi a ƙasa, tun da ba a jin jan layi a kunne.

Kusan wata uku ke nan hotunansa na fitowa dishi-dishi. A ɗan allon bayan kyamara ba a ganewa, ka san yadda ya kakkarce, sai an wanke. Wata mata ta dawo da fasfo, an ƙi karɓa a ofis, an ce ba a ganin idonta. Shugabar makarantar nan da muke wa hoto shekara da shekaru ta kira ni gefe ta ce, "'Yata, ko baban naku ya gaji ne?" Na ce injin wanki ne. Ƙarya na yi. Ina kallonsa in ya kafa ido a tagar leƙe, ya murɗa gaba, ya murɗa baya, ya ɗago ya goge ido da bayan hannu, ya sake. Da, kafin kwastoma ya gyara wuyan riga ya gama. Na ce mu je asibitin ido, ya ce in na sake tayar da maganar zai ɓata mini. Ka san Kaka da haka nasa ya fara har ya rufe, kuma Baba ne ya yi ta jan sa da sanda. Tsoro yake ji, Yaya. Ya ce kada Umma ta ji, kada ka ji.

Sai ga takardarka. Ranar da direban da ke kawo mana saƙonku ya kawo ta ba na nan, na je kallon hoton kyamarar a shagon mutumin nan. Da ina nan da na haɗiye wannan layin ko da zai gane. Baba bai iya jira ba, ga shi karatun boko ba nasa ba ne, ya miƙa wa mai aski. Ka san shi da murya, kamar mai sanarwa a tasha. Ya karanta tiryan-tiryan, har da "ya rataye kyamara ya ba wasu wuri". Ya ce Baba ya sa shi ya maimaita wurin. Da ya maimaita, sai Baba ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya. Ni na koya masa."

Washegari ya ce wa mai aski in wata ya ƙare ya zo ya karɓi makulli. Dama mai askin ya daɗe yana son ya fasa bango ya haɗa shagonmu da nasa. Mai aski ya ce shi ba da wannan nufin ya karanta ba, har da rantsuwa. Baba ya ce magana ta riga ta fita.

Kada ka ce mini laifin kyamara ne, na riga na gwada. Tun da yau ranar tonon asiri ce, bari in faɗa: ina ɗaukarta in Baba ya fita. Na daɗe. Ina ɗaukar masu wucewa ta ƙofa, da mai gyaran takalmi, da Umma in ba ta sani ba. Ranar farko da na leƙa na ga komai a dagule, na ce datti ne. Na zauna na yi mata wanka na gaske, na goge ko'ina, har wani tsohon baƙin salatif da ya manne a gefen tagar leƙe duk ya yi ƙauri na ɓare shi, na murje ƙaron da farce. Da na sake leƙawa, tar! Har gashin girar mai gyaran takalmi nake gani. To ka ga kyamara lafiyarta lau. In ni ina gani shi ba ya gani, me ya rage?

Saura kwana ashirin da uku. Ni dai ba zan zauna ina kallo a fasa bangon nan ba. Kyamarar nan ita kaɗai ce hanyar da na gani. Ba don ni ba ce, wallahi ko taɓa ta ba zan yi ba in ka ce haka. Ka rubuto wa Baba ka ce ba da shi kake ba. Ka kuma sake tunani a kan ɗakin.

Auta

*

Daga shago, ranar Asabar

Yaya,

Da fatan kana lafiya. Ina fata ne kawai, tun da ban sani ba. Umma lafiya, ta fara zargin wani abu, ta ce gidan ya yi shiru kamar an yi baƙon da ba a so. Baba ya rame.

Direba ya zo jiya hannu rabbana. Na ce ya duba ƙarƙashin kujera, ya duba. Na ce ya duba aljihu. Ya ce, "'Yar nan, ko taya kike so in kwance?" To na ji. Shiru ma amsa ce. In haushi ka ji don na ce ka kashe mu, ka yi haƙuri, bakina ne ka san shi. In kuma ɗakin ne, riƙe abinka. Amma layi biyu ga Baba ai ba su fi ƙarfinka ba.

Ban zauna ba. An kawo wa mai shagon kayan hoto ta gwaji guda ɗaya. Kwana huɗu ina zuwa ina zama masa a kan benci, in ya buɗe ya gan ni, in zai rufe ya gan ni. Na ce zan yi masa bidiyo a shafina kyauta. Ya ce mabiyana nawa, na faɗa, ya yi dariya. A rana ta huɗu na ce masa, "Hoton da ke jikin katinka na makaranta wa ya ɗauka?" Ya ce Baba ne, har ya ara masa kwat. La'asar sai ga shi da kansa a shagonmu, da kyamara a jaka kamar jariri.

Yaya, gani ya kori ji. Duk abin da aka faɗa a kanta gaskiya ne, har da ƙari. Ba nauyi. Mai aski ya zauna a gaban labule yana ta murguɗa baki yana juya kai don ya ruɗa ta, koren akwatin nan na manne da idonsa. Na roƙi Baba ya riƙe. Da ƙyar ya karɓa, bai ma kai ta fuska ba, a allon baya mutumin ya nuna masa. Ya danna sau ɗaya. Muka sa a kwamfuta, ta yi nishi ta yi nishi ta buɗe, gaskiyarka a nan. Hoton ya fito har ana ƙirga gashin hancin mai aski.

Na yi tsalle na ce, "Baba ka gani! Ka gani!"

Ya ce, "Na gani. Ta iya."

Na ce, "Kai ka ɗauka ai."

Ya ce, "A'a, Auta. Ni na riƙe mata ne." Ya miƙa wa mutumin kayansa, ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin titi.

Na koma bayan labule na yi kuka na more. Ashe ko ka aiko da ɗakin gaba ɗaya da rufinsa, ba zai karɓa ba. Ni ina neman abin da zai sa hoto ya fito, shi kuma ba hoton ne ya dame shi ba.

Amma ban haƙura ba, kada ka ɗauka. Na ɓoye makulli na biyu a cikin takalmina na biki. Na je asibitin ido na karɓo masa lamba ba da saninsa ba, ranar Laraba ta sama. Yadda zan kai shi ne ban sani ba tukuna, ko in ce masa an kira shi ɗaukar hoton likitoci. Saura kwana bakwai. Ya riga ya fara sauke hotunan bango yana jerawa a kwali, har da naka na ranar da ka fara riƙe kyamara kana hararar kowa.

Ka yi magana, Yaya.

Auta

*

Ranar Talata, da sauri

Auta,

Lafiyata lau, kada Umma ta damu. Ba fushi na yi ba. Iska ce ta hana jirgi matsowa kusan sati uku, yau da safe aka miƙo mini takardunki biyu a haɗe. Na karanta a tsaye, ki yafe. Wani abokin aikina zai sauka yanzu, ya yi alkawarin kai wannan hannun direba yau. Minti goma gare ni.

Baƙin salatif ɗin nan NI na liƙa shi.

A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar ƙaramar taya mai haƙora, ba ta kai ƙwayar wake ba, dab da tagar leƙe. Ba ta taɓa hoto. Aikinta ta daidaita tagar da idon mai leƙawa, kamar tabarau. Ranar da aka sayo kyamarar na saita ta da idon Baba, yana leƙe ina juyawa, na rufe da salatif don kada ta motsa. Shi bai ma san da ita ba, kyamarorinsa na da ba su da irinta, ni kuma ban taɓa gaya masa ba. Da kika murje wurin da farce kin juya ta, ta tsaya a kan naki idon. Shi ya sa ke kike gani tar. Idonki da nasa kuwa hannun riga ne, ke nesa ke ba ki wuya, shi kusa. Wata uku yana leƙe ta cikin tabaraunki.

Ga yadda za ki yi. Ya sa ido a tagar. Kada ya kalli mutum, ya kalli ƙananan lambobin nan na ƙasa. Ke ki riƙa juya tayar ɗaya-ɗaya, har ya ce lambobin sun fito. Sannan ya saita gaba da hannunsa. In an dace, ki sake liƙewa.

Ban ce idonsa ba komai ba, shekaru sun ja, asibitin nan a je. Amma a fara da wannan.

Ki ce wa Baba na tuba. Da ƙanwata nake tsokana, na harbi ubana. Sauran ni zan rubuta masa da hannuna.

Kada ki tsaya kuka. Tashi.

Yayanki

*

Daga shago, ranar Litinin

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan iska ta kwanta. Umma lafiya, Baba lafiya, ni ce dai kunya ta kusa kashewa. Ka lura da inda na rubuta a sama. Daga shago. Zauna ka sha labari.

Takardarka ta iso ranar Juma'a da hantsi, ana gobe wata zai ƙare. Lokacin mai aski ya riga ya kawo magini yana ƙwanƙwasa bango yana saurare kamar likita. Umma ta zo taya kwashe kaya, don a ƙarshe Baba ya gaya mata zai bar shago, ya ce gajiya ce. Baba na kan kujera yana kwance igiyar labule. Kyamara na naɗe cikin tawul a kwali.

Na karanta a bakin ƙofa. Wata uku ina tausayin bawan Allah, ina zaga gari neman magani, ashe ni ce cutar. Rashin sani ya fi dare duhu. Na ce yanzu in na faɗa masa kai tsaye ba zai yarda ya leƙa ba, zai ce lallashi ne. Sai na ce, "Baba, kafin a sauke labulen nan, a yi wa Umma hoto ɗaya. Shekara nawa tana share shagon nan ba ta taɓa zama a kujerar ba."

Umma ta ce, "Ni? Da wannan zanen?"

Mai aski ya ce, "Hajiya zauna mana, kyauta ce, yau kaɗai."

Baba ya daɗe a tsaye. Ka san ba ya iya ce wa Umma a'a a gaban mutane. Ya sauko, ya warware tawul, ya ɗora ta a kan ƙafa uku. Ya sa ido. Na ga kafaɗarsa ta faɗi. Na matso na ce, "Baba kada ka ɗago. Kalli lambobin ƙasa." Ya ce, "Wane irin wasa ne wannan?" Na ce, "Don Allah." Na sa farce. Ƙis. Ƙis. Ƙis. Ya ce, "Kin ƙara ɓata shi." Ashe baya na yi! Na juyo. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

Ya ce, "Tsaya."

Na tsaya. Har magini ya daina ƙwanƙwasa. Baba ya kai hannu gaba, ya murɗa sau ɗaya, irin murɗawar nan tasa ta da, ya saki. Can sai muka ji ya ce, idonsa na ciki, "Ke, wannan furfurar ta girarki ta hagu, yaushe ta fito?"

Umma ta ce, "Shekararta biyu. Sai yau ka ga dama?"

Ƙwas.

Bai ɗago ba, Yaya. Ya daɗe a haka, goshinsa a jikin kyamara. Da ya ɗago ya ce ƙura ce ta labule ta shiga masa ido.

Daga nan na durƙusa na zazzage komai, a gaban Umma da mai aski da magini da ban ma san shi ba. Salatif, farce, ɗaukar kyamara a ɓoye, makullin da ke cikin takalmi. Na miƙa takardarka, mai aski ya karɓa zai fara, Baba ya ce, "A'a, kai ka karanta rabonka." Ni na karanta, ban tsallake ko ɗigo ba. Umma ta ce, "Wato wata uku kuna ɓoye mini makanta, ku biyu, makantar ma ta aro?" Ta yi faɗa har ta gode wa Allah. Na ce maka in ta fara faɗa an warke.

Mai aski ya sallami magini, ya ce dama shi bangon nan bai yi masa kama da mai son faɗuwa ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Kawo abin da kika ɗauka." Na buɗe masa a kwamfuta. Ya sa tabaraunsa na karatu yana wucewa ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Nan kin yanke wa mutum ƙafa. Nan kin tsaya a inda rana ta ce kada ki tsaya." Da ya zo kan na mai gyaran takalmi yana zare da haƙori, sai ya tsaya. Ya wuce. Ya dawo. Ya sake wucewa. Ni dai na gani.

Laraba ta wuce ban iya kai shi asibitin ba, amma mun je ranar da suka sake ba mu. Likita ta ce akwai ɗan yana-yana da ya fara a idon hagu, ba irin na Kaka ba ne, a dawo bayan wata shida. Sai Baba ya nuna ni ya ce, "A duba wannan ma, ita ce babbar majinyaciyar." Ina rubuta maka da tabarau a fuskata. In ka yi dariya Allah ya isa. Ashe bishiyar gaban shago ganye ɗai-ɗai gare ta.

Sabuwar kyamara kuwa, ko ta cancanta? Ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba. Wanda aikinsa gudu ne da tsalle ya saya. Mu dai ba ita ce ciwonmu ba. Amma ban fasa sonta ba fa, na gaya wa Baba wata rana sai na riƙe tawa. Ya ce in na saita fuska ɗari da hannuna ba wadda aka dawo da ita, mu yi maganar. Na yi goma sha ɗaya. Ɗakinka ya tsira, saura amarya.

Abu ɗaya ne ban yi yadda ka ce ba. Na sayo sabon salatif zan liƙe tayar, Baba ya riƙe mini hannu. Ya ce in kawo jan farcena. Na kawo kala biyu, ban san me zai yi ba. Ya sa tsinke ya ɗiga fari a jikin tayar, daidai inda ta yi wa idonsa. Ya ce in leƙa da tabarauna in juya har ta yi mini. Na juya. Ya ɗiga ja a wurin. Ya hura ya bushe.

Ya ce, "Kowa ya gama, ya mayar wa ɗan'uwansa."

Ga hoton Umma nan na sa maka a ciki, ka duba girar hagu. Baba ya ce in gaya maka yana jiran takardar tuban da ka ce, kuma ni zan karanta, ba mai aski ba. Bari in tsaya, ga wata mata ta shigo da 'yan biyu za a yi fasfo, Baba ya kalle ni ya koma ya zauna. Tayar na kan fari. Sai na juya.

Taka,
Auta